Iskar da ta Rage a Kafaɗar Zulai

Duk sa'ad da 'yan makarantar koyon jinya suka zo hutu suka biyo ta gidana nan Kankiya don gaisuwa, hira ba ta yin nisa sai wata ta ce, "Mama Sista, ai ku kuka sha wahala, yanzu aiki ya yi sauƙi. Tiyata ma an daina yanka. 'Yan huda ne kawai, a manna filasta, gobe yaro ya kama hanyar gida." Nakan bar ta ta kai aya, in tura mata kwanon gyaɗa in ce ta ci, ko bakin ya samu wani aikin. Gaskiya ne hudar ƙarama ce, da babban yatsa ma sai ka rufe ta. Amma ni ban taɓa ganin ciwon da ya tsaya auna ƙofa kafin ya shiga ba. Na yi jinyar yara tun gashina yana baƙi har ya yi furfura, kuma yarinyar da ta fi ba ni tsoro a ɗakin masu tiyata ba yanka aka yi mata ba, hudar nan ce da kuke rainawa. Sunanta Zulai, daga Dudunni. Zan zo kanta, amma sai kun fara sanin mene ne aikin tukuna.

Aikin farko da aka sakar mini da hannuna, a ƙaramin asibitin Kusada, wankin ƙuna ne. Wani yaro ne ya tuntsure cikin tukunyar talge, cinyarsa ta saluɓe. Wadda ta koya mini aiki, Sista Laraba, tana tsaye a bayana ta harɗe hannu. Doguwa ce, mai muryar da in ta kira ka daga ɗakin allura har awakin bakin ƙofa sai sun waiwayo. Na jiƙa auduga, na dubi yaro na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Na juya ina murna na ce, "Sista, ya ce da sauƙi."

Ta ce, "To madalla, sai mu sallame shi mu tahi cin tuwo. Ke a gidanku in aka gaida mai ciwo mi yake cewa? Kin taɓa jin Bahaushen da aka ce ma ya jiki, ya ce da tsanani? Wanda za a kai makwanci da la'asar ma, da hantsi da sauƙi ya ce. Bar bakinshi, dubi ƙahwarshi."

Na duba. Yatsun ƙafarsa duk sun dunƙule sun cafki zanen gado. Daga ranar na daina tambayar yaro ya jiki sai dai don gaisuwa. Masu magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a wurin 'ya'yanmu fuskar ma an koya mata ladabi. Sai ka bi ta ƙafa, ka bi ta numfashi, ka lura da gefen da yake kwanciya da gefen da yake gudu.

Kayan aikinmu a lokacin a faranti ɗaya suke ƙarewa. Akwai sirinji na gilashi da muke dafawa a kan risho, akwai agogon da ake maƙalawa a ƙirji don ƙirga bugun jini, sai tsinken awon zafi da ake kaɗawa a sa a hammata, wanda in ya suɓuce maka ya fashe sai ka yi ta kauce wa idon Sista Laraba har ta huce. Yanzu ga 'yar na'ura da za a maƙala wa yaro a yatsa ta gaya maka ko numfashinsa yana isar jininsa. Na gode wa Allah da na riske ta, ban yi ritaya ba sai da na more ta. Sai dai har yau ba a ƙero wadda za ta gaya maka dalilin da ya sa yaro ya yi shiru ba.

Shekarar sanƙarau ita ce ta gasa mu. Lokacin an mayar da ni Kankiya. Da zafin bazara aka fara kawo yara a amalanke daga Rimaye da ƙauyukan gefenta, wuya a sandare. Gadaje suka cika, baranda ta cika, muka koma gindin bishiyar bedi muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. Ƙafafuna suka kumbura har na yanke bayan takalmina na mayar da shi silifa. Mun tsirar da da yawa, da yawa kuma sun tafi, ba zan yi muku ƙarya in ce na manta da su ba. Abin da shekarar ta bar mini shi ne saurin ido. In yara sun yi layi a ƙasa ba ka da lokacin hira da kowa, dole ka koyi gane wanda ba zai iya jira ba tun daga nesa.

Cikin duk masu zuwa wurinmu, babu masu wuyar karantawa kamar yara masu sikila, wato amosanin jini. Sun san ciwo tun suna goye. Sun kuma lura cewa duk sa'ad da suka yi kuka gida kan rikice, a kama akuya a kai kasuwa, uwa ta daina cin abinci, don haka tun suna ƙanana suke koyon haɗiye abinsu. Su ne kuma tsakuwa ke yawan taruwa a maɗaciyarsu. Maɗaciya dai kun san ta, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda in ta fashe wurin gyaran kaza ranar an yi asarar miya. Jinin mai sikila yana saurin lalacewa, dattin sai ya taru a jakar ya daskare ya zama tsakuwa. Da can sai an tsaga ciki a ciro ta, yaro ya daɗe yana tafiya a duƙe.

A shekarun ƙarshe na aikina wani likitan tiyata, ɗan yankin nan da ke aiki a birni, ya riƙa zuwa lokaci-lokaci da mutanensa da na'urorinsa a mota, su yi 'yan kwanaki suna aiki. Shi ya kawo mana aikin huda. Za a huda ciki wuri uku ko huɗu, a zura wani siririn ƙarfe mai fitila da ido, likita yana kallon allo yana aiki. Da farko mutanenmu ba su yarda ba. Wani dattijo ya ɗaga rigar jikansa ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi fa bai ga ɗinki ba, a gaya masa gaskiya in likita fasawa ya yi. Tun daga lokacin muke wanke tsakuwar mu zuba a 'yar kwalba mu nuna wa dangi, gani ya kori ji.

Ga abin da ba ya cikin labarin da kuke ji. Kafin likita ya ga komai a ciki sai an buɗe masa wuri, don haka ake tura iska daga wata tukunyar ƙarfe har cikin ya taso. In an gama a sace ta. Ba ta fita duka. Ragowar takan hau ta tsaya ƙarƙashin haƙarƙari, ta dami wata jijiya da ke da hanya har kafaɗa. Sai ka ga an yi wa yaro aiki a ciki, ya farka yana kukan kafaɗar dama. Na ga uban da ya kusa cin kwalar mai tura gado, wai ya jawo wa ɗansa targaɗe wurin ɗauka. Na ga wanda ya aika ƙauye a taho da maɗori. Maganin abin kuwa ba shi da wuya: maganin zafi a kan kari, tawul mai ɗumi, a tashi a taka, a riƙa jan numfashi sosai. Kafin a ankara ta watse.

An kawo Zulai a lokacin kaka, ana tsakiyar yankan gero. Ba za ta wuce shekara tara ba, siririya, idanu sun yi ruwan ɗorawa, ga surutu kamar an kunna rediyo. Da za a shiga da ita tiyata ta riƙe rigar likita ta ce in ya ciro tsakuwar ya ajiye mata, carafke za ta yi da su. Tare da ita akwai mahaifinta, da mahaifiyarta, da kakarta ta wajen uba, Iya Dije. Iya Dije gajeruwar tsohuwa ce mai goro a kumatu. Kafin ta cika yini ta san sunan kowa a ɗakin, ta kuma gyara wa kowace uwa yadda ake goyo. Ita ta kama kujerar da ke jikin gado. Uwar kuwa, da yake Zulai 'yar fari ce, tabarma ta shimfiɗa a baranda ƙarƙashin taga. Ba ta kiran sunanta, ba ta taɓa ta a gaban surukarta, sai dai ta dama kunu ta miƙo ta taga. A bakin uban na ji cewa ƙannen Zulai biyu ciwon nan na jini ne ya ɗauke su.

Aiki ya yi kyau. Bayan azahar Iya ta fita salla, likita ya zo zagaye ya tarar da uban a bakin gado, Zulai ido a rufe, allurar barci ba ta gama sakinta ba. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga tukunyar ƙarfe har yadda ake sace ta, ya ƙare da cewa, "In ta yi kukan kafaɗa kada hankalinku ya tashi. Iskar ce da ta rage a jikinta." Ina tsaye a wurin. Haka muke faɗa dukanmu, Hausa ba ta ba mu wata kalmar ba. Uban ya gane sarai, ya yi godiya, ya hau babur ya koma gona, don gero ba ya jiran kowa.

Washegari da safe na shigo daidai lokacin da uwar ta miƙo kofin kunu ta taga. Iya ta karɓa ta ba Zulai. Zulai ta sa hannun hagu.

Iya ta ce, "Ke! Wane irin rashin tarbiyya ne wanga? Da hagu? Asibitin ne ya koya maki?"

Yarinyar ta canza hannu a hankali, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta tashi a hannun Iya Dije ba za ta karɓi abinci da hagu don mantuwa ba. Na duba wuraren hudar, a bushe suke, na taɓa ciki na ji shi da laushi. Na ce, "Zulai, kahwaɗar ce?" Ta ce, "A'a, Sista. Lahiya lau nike." Mai surutun jiya, yau iyakar abin da na samu ke nan.

Ban jira ta faɗi gaskiya ba. Likita ya riga ya rubuta maganin zafi mai ƙarfi, na ba ta. Na ga ya kama ta, don yatsun ƙafa sun saki, goshi ya warware. Amma numfashin bai canza ba. Tana jan shi kaɗan-kaɗan, sama-sama, baki a rufe gam. Muna da wata dabara da muke yi wa yara. A zuba ruwa rabin kwalba, a tsoma sabuwar robar ƙarin ruwa a ciki, yaro ya ja numfashi ya cika ƙirji ya hura, ruwan ya yi ta ɓul-ɓul. Yara har faɗa suke yi a kanta. Zulai ta kau da kai. Na ce ta tashi mu taka zuwa ƙofa, ta ce barci take ji.

Ku da kuke cewa aiki ya yi sauƙi, ku buɗe kunne a nan. Ga mai lafiyar jini, kwanciya yini guda ba tare da cika ƙirji ba bai cika zama tashin hankali ba. Ga mai sikila kuwa, in ƙasan huhu bai buɗe ba jinin sai ya fara sarƙewa a ƙirji, zazzaɓi ya biyo, kuma abin yana da sauri, na ga yadda yake ƙarewa. Kafin rana ta yi zafi jikinta ya soma ɗumi, na'urar yatsa ta soma sauka. Likita ya saurari ƙirjinta ya ja ni gefe. Ya ce in har la'asar ba ta buɗe ba sai a sa ta a mota zuwa birni, shi kuma ba ya son a jijjiga ta a hanya da ɗanyen aiki. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku. Na san zafin ya sauka, na san akwai wani abin da ya rage, ban san ko mene ne ba.

Ga shi Iya ba ta matsawa daga kujerar nan. Na je na rusuna na ce, "Iya, tsakuwar da aka ciro, sai babba a gida ya gani da idonshi kahin a ba yarinya." Ta gyara lulluɓi ta ce ai haka ya kamata, yaran yanzu ne ba su san wannan ba. Na haɗa ta da wata abokiyar aikina, na ƙifta mata ido ta bi da ita ta doguwar hanya.

Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi, na zauna a bakin gadon, na ɗora shi a kafaɗar dama. Idanun yarinyar suka firfito.

Ta ce da raɗa, "Kin gan ta?"

"Wa?"

"Iskar."

"Wa ya hwaɗa maki akwai iska?"

"Likita. Jiya. Sun zaci barci nike." Ta dubi ƙofa. "Sista, don Allah kar ki hwaɗa ma Iya."

Ashe ƙarshen maganar kawai ta tsinta, ta kuma ɗauka iskar da ake nufi ita ce wadda ake wa turare da ruƙiyya. Dariya ta taso mini har maƙogwaro, da na dubi fuskarta sai ta koma. Na ce ta ba ni labari. A guntu-guntu ta ba ni, don ba ta yarda ta buɗe baki sosai.

"Iya ta ce Inna ke da iska, ita ke cin ɗiyanta. Ta ci Sani, ta ci Ummi, saura ni. Baba ya ce ba haka ba ne, tunda likita bai taɓa hwaɗi ba. To jiya ya hwaɗi. In Iya ta ji, maida Inna za a yi gidansu, can garin Boko."

"Shi ya sa ba ki hura kwalba?"

"In na hura hitowa za ta yi. Ta yi magana, kowa ya ji."

Wato tun jiya yarinyar nan riƙe take da numfashinta, tana tsare aljani a ƙirji don kada a kori uwarta. Na daɗe ina ganin dauriyar yara, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na yi mata bayani da duk Hausar da na iya, cewa iska iri biyu ce, akwai wadda ake tsoro, akwai ta tayar keke. Ta saurare ni da ladabi ta ce, "To." Irin "to" ɗin nan da ake ce wa babba don ya tashi ya ba ka wuri. Na gane ba bakina ne zai kwance wannan ƙulli ba. Wadda ta ƙulla ita za ta kwance, kuma sai a gaban idon yarinyar.

Na ce, "Zulai, ki bar ni da Iya. Ba ni ce mata kin hwaɗa mani komi. In na ɓata, ki daina gaishe ni har abada."

Na fita bakin ƙofar asibiti na sayo lemon kwalba mai sanyi, na ɗan girgiza shi a hanya. Na tarar Iya ta dawo tana ba matan ɗakin labarin tsakuwa, wai baƙaƙe ne kamar 'ya'yan kuka. Na ce, "Iya, kin sha tahiya, ga na sanyaya maƙoshi." Na buɗe a gabanta, ya yi tsss, kumfa ta taso har ta zubo.

Ta ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyar nan. Ke kaɗai ce mai hankali a gidan nan." Ta kafa kai ta sha kusan rabi. Can sai ga gyatsa, irin wadda ake ji har gadon ƙarshe. Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Iya, mi ya hito yanzu?"

"Gyatsa mana."

"Mi ke kawo ta?"

"Iskar lemon ce. Duk karatun naki ba ki san wanga ba?"

"To Iya, ashe yau kina da iska."

"A'uzu billahi! Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har matar da ake yi wa ɗanta ƙarin jini. Na saci kallon Zulai. Ita ba ta yi dariya ba, ta ƙura wa kakarta ido. Na ce, "Wallahi Iya, irin wadda kika sha yanzu, ita ce sak likita ya tura cikin Zulai jiya don ya ga wurin aiki. A tukunyar ƙarhe ake kawo ta, tana nan bayan ɗakin tiyata, in kina so in kai ki ki taɓa. Ragowarta ce ke hawa kahwaɗa ta yi ciwo, duk yaron da aka yi ma huda haka yake yi."

Iya ta dubi kwalba, ta dube ni. "Au! Hura ta suka yi, kamar akuyar layya kahin a heɗe ta?"

"Kamar haka."

"Ikon Allah. Nasara bai bar komi ba." Sai ta juya wurin jikarta, ta daɗe tana kallon hannun daman da ke kwance a kan zane ba ya motsi. Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Ta ce, "Shi ya sa kika amshi kunu da hagu?" Zulai ta sunkuyar da kai. "Kuma kika ƙi hwaɗi?" Iya ta tauna goronta, ta waiga wajen taga inda ake hango saman ɗankwalin surukarta, ta dawo da kai.

Ta rage murya ta ce mini, "To shi ciwon nata na jini, wanda ya ɗauke ƙannenta, shi kuma wace iri ce?"

"Shi ba iska ba ne ko kaɗan, Iya. Gado ne. Kuma ba ya kama yaro sai ya samu rabi daga uwa, rabi daga uba. In ɗaya ne kaɗai ya ba shi, yaro ba ya kwanciya."

Ta maimaita, "Daga uba."

"Daga uba. Shi ma uban ba a kasuwa ya saya ba, gadonshi ya yi."

Kowa ya san lissafin da tsohuwa take yi, don mutum biyu ne kawai suka haifi ɗanta. Ni kaina na ce yau na taro wa kaina rigima, sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Can sai ta buga cinya ta ce, "Malam ne! Allah ya jiƙanshi. Danginsu duk haka suke, ba mai jinin kirki. Tun ina amarya nike hwaɗi." Na ce lallai, ba mamaki. Malam dai, mijin nata, yana kabari, ba zai zo ya musa ba, ni kuma ba shari'a na zo yankewa ba.

Tsohuwa irin Iya ba ta ba suruka haƙuri da baki, kada ma ku jira. Ta miƙe, ta leƙa taga ta ce, "Ke, kina nan zaune kamar baƙuwa? Shigo. Ungo ragowar, ke ma ki sha iskar, kar a ce ni kaɗai ce mai ita." Uwar ta shigo kai a sunkuye, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Iya ta ɗauki kwalbar ruwan nan mai roba ta danƙa mata. "Zauna nan ki riƙe ma ɗiyarki. Ni hannuna rawa yake." Hannun da yanzun nan ya riƙe lemo bai zubar da ko ɗigo ba. Ta ja buta ta fita alwala, alhali azahar da saura.

Uwar ta zauna a ɗarare, ta kai robar kusa da bakin yarinyar. Zulai ta dubi ƙofar da kakarta ta bi, ta dubi uwarta. Ta ja numfashi, na ga haƙarƙarin ya buɗe har ƙasa, karo na farko tun jiya, sannan ta hura. Ruwa ya yi ɓul-ɓul-ɓul. Ta tsaya ta kasa kunne, ko wani abu zai yi magana. Babu abin da ya yi magana sai wata tunkiya a bayan katanga. Ta sake ja, ta sake hurawa. Tari ya zo, ta yi abinta, ta dafe ciki tana yamutsa fuska, na ce ta ƙara.

Haka muka yini, a hura a huta, a hura a huta. Kafin la'asar ɗumin jikin ya sauka, na'urar yatsa ta hau. Likita ya saurari ƙirjin ya ce a gaya wa direba ya ci gaba da barcinsa. Na ce to saura tafiya, a taka zuwa ƙofa a dawo. Na tura sandar ƙarin ruwa a gefe ɗaya, uwar ta tallafe ta a ɗaya gefen. Iya tana can baranda ta tara mata, tana ba su tarihin dangin Malam tun daga kakansa.

Muna kaiwa bakin ƙofa Zulai ta tsaya, ta jingina kai a jikin uwarta ta ce, "Inna, kahwaɗata ciwo take."

Uwar ta ce, "Na sani. Tun jiya nike kallonta ta taga."

Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ga babu kowa kusa sai ni. Ta ɗora tafin hannu a kafaɗar, ta sunkuya daidai kunnen yarinyar ta ce, "Sannu, Zulai."

Ni kuwa na ɗaga kai na shiga gyaran ledar ƙarin ruwa, wadda babu abin da ya same ta.